Kundin tarihin rege: an yi tuya an manta da albasa

Wani jerin waƙoƙi ne ke yawo a waya kwanan nan, an raɗa masa suna wai tarihin rege tun daga 1960 har zuwa yau. Wanda ya haɗa shi ya yi ƙoƙari, amma duk mai kunne zai ji inda aka bar giɓi. Kusan sulusin waƙoƙin na Bob Marley ne. Babu kiɗa zalla ko guda, babu dub (kiɗan da injiniya ya sake haɗawa ya janye murya), babu sunan makaɗi, balle na wanda ya ɗauki sautin. Daga rasuwar Marley a 1981 sai aka daka tsalle aka dire a kan Shaggy, kamar Jamaika ta yi shekara goma sha biyu tana barci.

Ba shi kaɗai ba ne. Galibin kundayen da kamfanoni ke fitarwa haka suke: a ɗauki shekara, a nemo mawaƙin da ya fi tashe a Landan ko New York, a sa waƙarsa ɗaya, a yi gaba.

Ni a ganina, kundin da aka tsara bisa fuskokin mawaƙa labarin cinikin rege a ƙasashen waje yake bayarwa, tarihin kiɗan kuwa yana can an baro shi a Kingston, babban birnin Jamaika. Mai son ya faɗi yadda abin ya kasance, ridim zai bi, wato kiɗan da ake ɗora waƙa a kansa. Zai juya faifai ya saka abin da ke bayansa. Kuma a gaban kowace waƙa zai rubuta makaɗanta, da furodusa, da injiniya, da situdiyon da aka ɗauka.

Yadda ake yin faifai a Kingston

Da masu kayan sauti aka fara, ba da mawaƙa ba. A shekarun 1950 mutane irin su Duke Reid, tsohon ɗan sanda, da Clement Dodd da aka fi sani da Coxsone, suna loda manyan sifikoki a mota su kafa a fili, jama'a su biya kuɗin ƙofa su kwana suna rawa. Faifan Amurka suke sakawa, suna kankare sunan da ke jiki don kada abokin gaba ya gane ya je ya sayo irinsa. Da irin kiɗan da suke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai suka shiga ɗaukar nasu a gida.

Wannan asali shi ya tsara komai. Furodusa ne ke kama situdiyo, shi ke biyan makaɗa kuɗin zama, shi ke tafiya da tef. Makaɗan nan ƙungiya ɗaya ce ke zaune tana aiki wa duk wanda ya shigo. Mawaƙi kan zo daga baya, wani lokaci bayan kiɗan ya yi watanni a ajiye, a ba shi ɗan abin da aka ba shi, ya kama gabansa. Kafin a buga faifai na sayarwa, sai an yanka kwafi ɗaya a kan faifai mai laushi an gwada a filin rawa. In jama'a sun yi ihu an maimaita, a kai wa masu bugawa. In sun yi shiru, a ajiye waƙar, amma kiɗan ba ya mutuwa, wani za a kira ya hau.

Faifan kansa ƙarami ne, inci 7, yana juyawa sau 45 a minti, kowane gefe kamar minti uku. Daga wajajen 1970 ya zama al'ada a sa waƙa a gaba, a baya kuma a sa kiɗanta ba murya, a rubuta kalma ɗaya a jiki: Version. Furodusa ya huta da biyan waƙa ta biyu, mai kayan sauti kuma ya sami filin da dijensa zai kama makirfo ya yi ta zuba zance a kan kiɗa, kamar yadda sanƙira ke yi a gaban makaɗa. U-Roy da wannan ya kama matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin waƙoƙin da ke tashe a Jamaika a 1970, kuma duk a kan tsofaffin kiɗan Duke Reid ya yi su.

Mu muna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A Kingston sai ka fara tambaya wane ne mai itan.

Ga misali. A 1967 Alton Ellis ya yi "I'm Still in Love" a Studio One, situdiyon Coxsone da ke lamba 13 a titin Brentford. Bayan shekara goma furodusa Joe Gibbs ya sa makaɗansa suka sake buga kiɗan, Marcia Aitken ta rera waƙar, dije Trinity ya hau da "Three Piece Suit", sannan wasu 'yan mata biyu, Althea da Donna, suka mayar masa da martani da "Uptown Top Ranking", wadda ta zama ta ɗaya a Birtaniya a farkon 1978. Kundin da ya ɗauko ta ƙarshen kaɗai ya ba ka amsa ne ba tare da ka ji tambayar ba.

Haka "Pass the Dutchie" ta yaran Musical Youth, ta ɗaya a Birtaniya a 1982. Daga "Pass the Kouchie" ta Mighty Diamonds aka ɗauko ta, ita kuma tana zaune ne a kan "Full Up", wani kiɗa zalla na Studio One na ƙarshen shekarun 1960. Haka "Real Rock" na ƙungiyar Sound Dimension, wanda Willie Williams ya ɗora wa "Armagideon Time" a 1979, har Turawan The Clash suka ɗauka. Haka "Stalag 17" na 1973, wanda Ansel Collins ya buga wa Winston Riley: a kansa Sister Nancy ta yi "Bam Bam" a 1982, Tenor Saw ya yi "Ring the Alarm" a 1985. Wanda ya san yadda marubuta waƙoƙinmu ke ara karin wata tsohuwar waƙa su ɗora sabbin baitoci ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Sauye-sauyen da ake raba zamunna da su ma duk a hannun makaɗa suka faru. Ska mai sauri ne, ƙahonni a gaba, babbar bes ta katako tana tafe ba tsayawa. A 1966 aka rage gudu, bes mai lantarki ta karɓi wuri tana barin giɓi tsakanin bugu da bugu, aka sami rokstedi. Daga 1968 aka ƙara ɗan zafi, ogan da jita suka shiga sara, aka kira shi rege. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu: jita na sara a biyu da huɗu, mai ganga ya bar ɗaya fayau ya sauke nauyinsa a uku. Wannan shi ne bugun da Carlton Barrett, mai gangar Marley, ya shahara da shi. Da mai ganga Sly Dunbar ya zauna a situdiyon Channel One a tsakiyar shekarun 1970 sai ya cike gurbin, kiɗan ya koma kamar tafiyar soja. Muryar Alton Ellis kuwa ita ce dai a duk zamunnan nan. In mawaƙi kake bi, ba za ka taɓa gane abin da ya canza ba.

"Ai Marley ne ƙofa"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙarfi. Mutane da yawa ta kansa suka shigo, babu mai ja. Amma ba a kwana a bakin ƙofa.

Dubi *Legend*, kundin da kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, wanda ya fi kowane faifan rege ciniki a duniya. Waƙa 14 ne a fitowar farko, biyar daga cikinsu daga faifai ɗaya, *Exodus*. Babu ko ɗaya daga *Survival* na 1979, inda "Zimbabwe" da "Africa Unite" suke. Babu ko ɗaya daga *Rastaman Vibration*, inda "War" take. Babu "Simmer Down", wadda ta fito da ƙungiyarsa ta Wailers a 1964, babu aikin da suka yi da furodusa Lee Perry a 1970 da 1971. An zaɓi waƙoƙin ne don su shiga falon Bature ba tare da sun tayar masa da hankali ba, kuma sun shiga. A matsayin haja babu abin da za a ce. Amma in wannan kundin bai ba da cikakken tarihin mutum ɗaya ba, yaya za a ɗauki salonsa a auna tarihin ƙasa guda?

Ko *Catch a Fire* na 1973 ba yadda aka ɗauke shi a Kingston ya isa kunnen duniya ba. A Landan Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya sa Wayne Perkins ya ƙara jita irin ta rok, John Bundrick ya ƙara kayan madannai. Ba laifi ba ne, da sanin Marley aka yi. Sai dai mai tsara kundin tarihi ya kamata ya faɗa wa mai sauraro wanne ya sa masa, na gida ko na fita waje.

Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba su cika faɗa ba: a filayen rawa na Kingston a ƙarshen shekarun 1970, Dennis Brown da Gregory Isaacs da Sugar Minott da dijoji ne ke riƙe da dare. Marley na zagaya duniya, gida kuma na ta dafa wani abu dabam.

"Bin shekaru ya fi sauƙi"

Gaskiya ne, kuma akwai wanda ya yi shi da kyau. *Tougher Than Tough: The Story of Jamaican Music*, wanda reshen Mango na kamfanin Island ya fitar a 1993, Steve Barrow ne ya tsara shi: faifan CD huɗu, waƙa 95, daga 1958 zuwa 1993, da ɗan littafi mai bayani. Marley na ciki, amma a matsayin ɗaya daga cikin jama'a. Har yau in za a ba sabon shiga kundi ɗaya, wannan zan ce a ba shi.

To amma yi lissafi. Waƙa 95 a shekara 35 bai kai uku a shekara ba, a ƙasar da furodusa ɗaya kan fitar da fiye da haka a wata guda. Duk wanda ya zaɓi uku ya zubar da ɗaruruwa, don haka tambayar ita ce da wane ma'auni ya zubar. In ma'aunin shi ne wadda ta fi ciniki, kullum wadda ta ketare teku ce za ta ci.

Abin da ya fi burge ni a kundin Barrow shi ne inda ya saki layin shekaru ya yi dabara. Ya buɗe da "Oh Carolina" ta Folkes Brothers, wadda Prince Buster ya ɗauka a 1960 da gangunan Count Ossie na 'yan Rasta, ya rufe da "Oh Carolina" ta Shaggy ta 1993. Waƙa ɗaya, shekara 33 a tsakani, kuma mai sauraro ya koyi abin da shafi goma na bayani ba zai koya masa ba. Abin da nake cewa kawai shi ne a ɗauki wannan dabarar a yi kundin duka da ita.

"Wa zai zauna ya ji kiɗa ɗaya sau uku?"

Mutanen Jamaika, tun fiye da shekara hamsin. A 1974 Rupie Edwards ya fitar da *Yamaha Skank*, babban faifai guda wanda duk abin da ke cikinsa a kan kiɗan "My Conversation" yake. Daga baya kamfanonin Greensleeves da VP suka mayar da irin wannan sana'a, suna fitar da faifai bayan faifai, kowanne ridim ɗaya da mawaƙa goma sha wani abu. Wanda ya yi rawa da "Get Busy" ta Sean Paul da "No Letting Go" ta Wayne Wonder ya ji kiɗa ɗaya sau biyu, ridim ɗin Diwali na Steven Marsden na 2002, kuma bai yi ƙorafi ba.

Ga yadda za a tsara shi ba tare da an gundiri kowa ba. Kowane ridim a ba shi gurbi uku: waƙar asali, sai dije ko wani mawaƙin da ya hau daga baya, sai dub. Kowanne kamar minti uku zuwa uku da rabi, jimla minti goma. Faifan CD na ɗaukar kusan minti 80, ke nan ridim takwas. Faifai huɗu, ridim 32, waƙa 96. Kusan girman kundin Barrow ke nan, ba a ƙara ko kwabo a kuɗin bugawa ba. A jera ridim ɗin bisa shekarar da aka fara buga kowanne, sai ga shi mai son bin shekaru ma bai rasa nasa ba.

Inda ake kuskure shi ne a jera guda shida ko bakwai a jere don nuna gwaninta. Kunne na gajiya a na huɗu. Kuskure na biyu, a ɗauko ukun duka daga shekara ɗaya. Daɗin abin shi ne a ji yadda kiɗan 1967 ya koma a hannun makaɗan 1977, sannan a cikin na'urar 1987.

Gurbi na uku shi ne wanda ba zan yi sassauci a kansa ba. Osbourne Ruddock, wato King Tubby, mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a unguwar Waterhouse. A wani ɗan ɗaki a gidan da ke titin Dromilly ya kafa tsohon teburin haɗa sauti da ya saya daga situdiyon Dynamic. Tef mai layi huɗu ake kawo masa, ganga da bes da sauran kaya da murya kowanne da layinsa. Sai ya janye murya bayan kalma biyu ya bar ta tana amsa-kuwwa, ya kashe komai ya bar bes da ganga tsirara, ya murɗa matatar da ke yanke ƙasan sauti har kuge ya koma kamar iska, sannan ya sako komai gaba ɗaya. Da hannu yake yi, tef na tafiya, in ya kuskure sai a koma farko. "King Tubby Meets Rockers Uptown" bayan faifan "Baby I Love You So" na Jacob Miller ne, aikin Augustus Pablo, amma da Island ya fitar da shi a Ingila, dub ɗin ya sa a gaba. Duk wani rimis da ake yi yau a duniya yana da jini a wannan ɗakin. A ce an rubuta tarihin rege babu shi, wannan tuya ce ba albasa.

Sautin da ake sayar mana

Nan ma akwai aika-aika, kuma mai saye ba ya sani.

Tef na asali da yawa sun ɓace ko sun lalace. Situdiyon Black Ark na Lee Perry ƙonewa ya yi ƙurmus. Don haka sau da yawa daga tsohon faifai ake kwafa, faifan Jamaika kuwa an sha buga shi da narkakkiyar robar tsofaffin faifai, yana ƙara tun yana sabo. Injiniyan da ba shi da haƙuri sai ya buɗe manhajar share ƙara har ƙarshe. Ƙarar ta tafi, amma ta tafi da kuge da numfashin mawaƙi, waƙar ta koma kamar daga cikin randa ake rera ta. Gara a bar ɗan ƙas-ƙas ɗin.

In ramin tsakiyar faifan ya kauce ko kaɗan, za ka ji ogan da ƙaho suna layi, sama da ƙasa, a kowane juyi. Maganinsa a daidaita faifan da hannu a kan na'ura kafin a kwafa, aikin minti biyar, amma sai ka ji an bar shi haka. Akwai kuma waƙoƙin ska da rokstedi da aka ɗauka da layin sauti ɗaya, wani ya zo ya raba su na ƙarya zuwa hagu da dama, bes ya watse. Kiɗan da aka gina don akwatin sifika mai tsayin mutum, in ka taɓa bes ɗinsa ka taɓa ransa.

Sai batun wace fitowa aka ɗauko. Kamfanin Trojan, wanda aka kafa a Landan a 1968, shi ya cika Ingila da rege ta jerin *Tighten Up* da ake sayarwa sule 14 da sisi, kuma ya cancanci yabo. Amma shi ne kuma ke ƙara goge irin na Turawa a kan wasu waƙoƙi don rediyon Ingila ta karɓa, kamar "Young, Gifted and Black" ta Bob da Marcia a 1970. *Marcus Garvey* na Burning Spear ma sai da Island ya sake haɗa sautinsa kafin ya fitar a waje. Mafi muni shi ne waƙar da mawaƙi ya sake rerawa bayan shekara ashirin da kayan lantarki masu araha, a sa mata tsohon suna, a jefa ta cikin kundi a gurbin 1969. A manhajojin sauraro kuma shekarar da ake nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, sai yaro ya ɗauka waƙar Skatalites ta 2011 ce, alhali ƙungiyar a 1964 aka kafa ta, ta watse a 1965.

Mai tsara kundi na ƙwarai yana da hanyar tantancewa: tambarin da ke jikin faifan farko, tsawon waƙar da daƙiƙoƙinta, da lambar da ake kartawa a santsin da ke kusa da tsakiya. Ƙananan kamfanoni irin Blood and Fire da Pressure Sounds da Soul Jazz sun nuna ana iyawa.

"Ba mu da izinin sauran waƙoƙin"

Wannan uzurin na gaskiya ne. Taskar Studio One dabam, ta Island dabam, ta Trojan dabam, VP kuma ya saye Greensleeves a 2008. Kamfani yakan cika kundi da abin da ke rumbunsa don kada ya biya na waje. Babu damuwa, amma sai ya rubuta a bango cewa tarihin rumbunsa ne. Kada ya kira shi tarihin rege.

Rubuta sunaye kuwa ba ado ba ne, abinci ne. Jamaika ba ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka ba sai 1993. Kafin nan tsohuwar dokar Ingila ta 1911 ake ja, kuma a aikace wanda ke riƙe da tef shi ke da waƙa. Sai da "Oh Carolina" ta Shaggy ta kawo kuɗi sannan aka je kotu a Landan, ta tabbatar wa John Folkes cewa shi ya rubuta ta. Sister Nancy ta faɗa da bakinta cewa ta yi shekara 32 ba ta ga ko sisi daga "Bam Bam" ba, tana aiki a banki a New Jersey, sai da waƙar ta fito a tallar Reebok a 2014 ta nemi lauya. Waɗannan ma mawaƙa ne, sunansu na jikin faifai. Ina ga wanda ya ƙirƙiro layin bes ɗin da aka yi waƙa ɗari a kansa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Makaɗa irin su Jackie Mittoo, Leroy Sibbles, Lloyd Knibb, Lynn Taitt, Aston Barrett, Robbie Shakespeare: kundin da bai ambace su ba ya sake cin haƙƙinsu karo na biyu. Haka Sonia Pottinger, macen da ta yi gogayya da manyan furodusoshi tun shekarun 1960 har taskar Duke Reid ta dawo hannunta.

Na Afirka fa?

A ba shi faifansa dabam, shi da na Ingila. Alpha Blondy ya je Tuff Gong, situdiyon Marley a Kingston, ya ɗauki *Jerusalem* da Wailers a 1986, Lucky Dube ya fitar da *Prisoner* a 1989, Majek Fashek ya girgiza Najeriya da "Send Down the Rain". Manyan ayyuka ne, amma tsarin Marley suka bi: mawaƙi ɗaya, ƙungiyarsa, babban faifai, saƙo. Al'adar ƙaramin faifai da bayansa ba ta zo mana tare da su ba. Ina jin shi ya sa a nan in an ce rege, fuska mai dogon gashi muke gani kafin mu ji bes.

"Dansihol ba rege ba ne"

Masu wannan magana su ne ke sa a tsaya a 1981. Hujjarsu a kan dansihol, salon da ya mamaye filayen rawa a shekarun 1980, ita ce batsa da kirarin bindiga da kiɗan na'ura. Batsar tana nan, wata ma ba ta saurarawa a gaban mutane, kuma mai tsara kundi na da 'yancin tsallake ta. Sai dai ba a 1985 aka fara ba. BBC ta hana saka "Wet Dream" ta Max Romeo tun ƙarshen shekarun 1960, waƙoƙin 'yan daba kuwa sun cika 1966 da 1967, a tsakiyar zamanin da ake kira na zinariya. Daga cikin dansihol ɗin nan ne kuma Garnett Silk ya fito, Buju Banton ya yi *'Til Shiloh* a 1995, aka biyo har zuwa Koffee, mace ta farko da ta ci kyautar Grammy ta faifan rege, a 2020. Filin rawa ɗaya ne, sifika ɗaya, tsarin ridim ɗaya. Wanda ya bi ridim ba zai ma ga inda zai yanke ba, don kiɗan Studio One ne aka yi ta sake bugawa da na'ura.

Na'urar ma tana da labarin da ya isa shiga kundi. Noel Davey da Wayne Smith suna wasa da wani ƙaramin madannin Casio MT-40, abin da bai wuce kayan wasan yara ba, suka ci karo da wani kiɗa da aka saka a cikinsa tun daga masana'anta. Suka kai wa furodusa Jammy a Waterhouse, ya rage masa gudu, ya ƙara tafi da fiyano, aka sami "Under Mi Sleng Teng". Da ya saka shi a karawarsa da masu kayan sauti na Black Scorpio a farkon 1985, wurin ya kece, kuma cikin 'yan watanni furodusoshi suka fara sallamar makaɗa suna sayen na'ura. An yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa.

Kiɗan da ke cikin madannin, wata ma'aikaciyar Casio ce ta tsara shi a Japan, Hiroko Okuda, wadda ta shiga kamfanin a 1980 bayan ta yi nazarin rege a jami'a. A jikin na'urar an rubuta masa suna rok. A kundin da nake magana, a ƙarƙashin ridim na 1985, sunanta zai zo kafin na Wayne Smith.